Sassaƙar da Ta Juya wa Sarki Baya

Da sunan Wanda ya tsaga ƙwaya ya fitar da itace, ya ba itace tauri, ya ba hannu dabara, nake buɗe bakina. Ku matso ku gyara zama, ya ku ma'abota sauraro, ku ji abin da ya sami Tunau ɗan Arzika, masassaƙi jikan masassaƙa, a ƙasashen da ke gaba da inda fatake ke juyowa. Ni ne Tunau ɗin. Abin da zan faɗa muku, wani da idona na gan shi, wani kuwa a jikina na ji shi.

A garinmu, Tungar Gawo, turmi nake sassaƙawa da taɓarya da akushi da kujerar mata. Matata Gaje kuwa maginiyar tukwane ce. Muna zaune lafiya, ba mu tara ba, ba mu rasa ba, sai ran wata kasuwa wani falke ya kwance kayansa ya ajiye wani shaho na tagulla a bakin tabarma, girmansa bai kai kurciya ba. Nan take kajin kasuwa suka yi tsit. Wata kaza da ke tone-tone kusa da rumfata ta tattara 'ya'yanta ta rufe su da fikafikai.

Na ɗauki shahon na jujjuya. Ko gashi ɗaya ba a zana masa ba. Abin da mai aikin ya kama kawai shi ne yadda shaho ke karkata wuya in ya hango abin kamu, amma wannan kaɗai ya ishi kaji.

Na ce, "Malam, wa ya yi wannan?"

Ya ce, "Wai wani Ƙosau ne, a Birnin Tagulla. Sai ka ratsa Dajin Jini, ka wuce Birnin Gishiri, sannan ka fara tambaya. Ni ma a hannun wani na saya. Ban taɓa ganin wanda ya je ya dawo ba."

Tun daga ranar tuwo ya daina yi mini daɗi. In na dubi turamena sai in ga kututture ne kawai da rami. Gaje ta zuba mini ido har ta gaji, ran nan ta ajiye mini ƙwaryar fura ta ce, "Maigida, tun ran kasuwar nan kake riƙe gizago kamar mai haƙa kabari. In tafiyar ce, mu tafi. Amma ƙafata ƙafarka, don na san ka, in ka ga itace mai kyau mantawa kake da cikinka."

Muka ɗaura wa jaki kaya: gatarina da gizago da wuƙaƙe, da akushina, da curin yumɓun da Gaje ba ta rabuwa da shi, da salkar ruwa. Muka sa gabas a gaba.

Sai da takalmanmu suka cinye muka sake wasu sannan muka shiga Dajin Jini. Itatuwansa dogaye ne masu jan ɓawo, ga inuwa mai sanyi, amma ba kukan tsuntsu, ba motsin ƙadangare. Muna cikin tafiya na hango wani reshe da ya lanƙwasa tamkar wuyan ingarma. Hannuna ya kai ga gatari tun kafin zuciyata ta yi shawara.

Gaje ta ce, "Maigida, dajin da tsuntsu ya ƙi sauka, a wuce shi da sallama. Bar reshen nan."

Na ce, "Sara ɗaya ne."

Sara ɗayan kuwa na yi. Itacen ya yi wani nishi irin na bijimin da aka kayar, jini ya yi tsartuwa ya wanke mini riga. Sai muka ji ƙasa tana motsi. Itatuwan da ke gabanmu suka matso suka haɗe, na bayanmu suka haɗe, hanyar da muka biyo ta ɓace kamar ba a taɓa taka ta ba. Saiwoyi suka fito suna laluben ƙafafun jaki, jaki yana kuka yana harbi. Na ɗaga gatari zan sare mana hanya, Gaje ta riƙe hannuna.

"Wanda ka yi bai ishe ka ba? Miƙo salka."

"Ruwan da ya rage mana ke nan."

"Miƙo, na ce."

Ta gutsuri yumɓu ta kwaɓa da ruwan nan, ta cusa a bakin saran, ta shafe shi kamar tana liƙe tsagar randa, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure, tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, bai sani ba ne," kamar mai lallashin yaron da ya faɗi. Ni kuwa ina tsaye, wata saiwa ta riga ta naɗe idon sawuna tana matsawa. Jinin ya yi ta ɗiga ta ƙarƙashin ɗankwali, ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Can sai saiwar ta sake ni. Itatuwa biyu suka ja da baya suka bar wata 'yar siririyar hanya, daidai faɗin jaki.

Hanyar ta kai mu bukkar wata tsohuwa, tana zaune tana kankare wani guntun itace da wuƙa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na ji kukan ɗana tun daga nan. Wane ne mai gatarin, wane ne mai hankalin?"

Na durƙusa na ce, "Iya, ni ne mai gatarin."

"Ajiye shi can."

Sunanta Iya Tabawa, kuma a wurinta muka yi damina. Ba ta taɓa itacen da ke tsaye, sai wanda ya faɗi don kansa. Shi ma in ta jawo shi, takan jingine shi a ƙofar bukka ta yi ta wuce shi safe da yamma, ba ta sa masa ƙarfe ba har sai ta ga abin da ke ciki. Inda ni zan ga ƙullutu in yanke in yar, ita sai ta mai da shi gwiwa. Inda itace ya tsage, sai ta ce ai baki ne ya buɗe, ta bar shi baki. Da na fara sassaƙa a gabanta takan buge mini hannu ta ce, "Kai kullum da maganarka kake zuwa. Yi shiru ka ji tasa." Ran da na fitar da barewa kwance daga wata karkatacciyar saiwa ba tare da na miƙe lanƙwasa ko ɗaya ba, ta jujjuya ta, ta miƙo mini gatarina ta ce, "Ku tafi. Ka iya ƙashi, saura tsoka, ita kuwa ba a wurina take ba."

Daga nan muka faɗa wani fili fari fat, ba ciyawa ba tudu, har muka isa Birnin Gishiri. Ganuwarsa gishiri, ɗakunansa gishiri, har gadon da aka ba mu gishiri ne aka shimfiɗa masa fata. Ruwan sama bai taɓa sauka a can ba. A kowace mararraba akwai mutum-mutumi, wanda sai ka yi masa sallama ya ƙi amsawa sannan ka gane.

Masassaƙan can ba sa sara, don gishiri in ka buge shi tarwatsewa yake. Gashin jimina suke tsomawa a ruwa su yi ta shafawa, gishiri yana narkewa kaɗan-kaɗan, har kunci ya fito da taushinsa, har riga ta fito da ninkinta. Sarkin sassaƙar garin ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ba mu gida, ya sa ni cikin masu koyo. Aikin ya tafi da hankalina, har na manta baƙo ne ni.

Gaje ce ta fara lura. Ta ce, "Ka ga maƙwabcinmu mai furfura? Da ƙuruciyarsa ya zo koyo, kamar kai. Hasumiyar can kuwa ba don abokan gaba aka gina ta ba. Duk baƙon da ya koyi aikin gashin jimina ba ya fita, kada ya kai sirrin wani gari. Shi ya sa suka ce mu riƙa zama a ƙofar gida da rana, inda mai gadi zai gan mu." Sannan ta janye zane ta nuna mini ƙafafunta, sun kumbura suntum. "Ciki gare ni, maigida. Abinci gishiri, ruwa gishiri-gishiri. In na haihu a nan, ban san abin da zan shayar ba."

Nan take na fara shirin gudu. Na shigo da manyan curin gishiri biyu cikin ɗaki, na ce aikin gwaji nake. Na fitar da surata zaune na dafa haɓa, na fitar da surar Gaje ta miƙe ƙafa ɗaya ta sunkuya kan faifai. Muka shafe su da baƙin tukunya, muka sa musu tufafinmu. Akwai ayarin raƙuma da ke shirin fita da kantun gishiri, madugunsu kuwa ya daɗe yana kwaɗayin akushina, don itace a garin nan ya fi azurfa daraja. Na ba shi akushin, na ƙara masa da jakinmu. Da rana ta take tsaka, lokacin da ƙyallin gishiri ke sa mai gadi runtse ido, muka zaunar da mutanen gishiri a ƙofa, muka zagaya ta baya, aka naɗe mu cikin tabarmi aka ɗora a raƙuma tsakanin kaya.

Ina cikin tabarma ina jin masu ƙofa suna bubbuga kaya da sanda. Sandar ta sauka a haƙarƙarina, na cije leɓe. Muka fita. Ba mu yi nisa ba sai ganga ta tashi a hasumiya. Daga baya wani ɗan ayari da ya biyo mu a makare ya ba mu labari: wani raƙumi ne ya tsinke ya zo ya lashi kuncina na gishiri, ya ji daɗi, ya gatsa, mai gadi yana kallo kaina ya faɗo ya fashe, ni kuwa ina nan zaune na dafa haɓar da babu. A lokacin dai ba mai dariya. Mahaya suka biyo mu, ƙurarsu tana matsowa. Madugu ya karkata ayari ya hau wani tafki da gishiri ya daskare a samansa. Ina jin shi yana ƙara a ƙarƙashinmu kamar ana taka ɓawon ƙwai. Faffaɗan tafin raƙumi ya ɗauke mu, kofaton doki kuwa ya huda. Dawakan farko suka nutse har ƙirji, sauran suka ja linzami suna zagi.

Ayarin ya sauke mu a bakin wani babban kogi da rani ya janye har yashi ya fito. A ƙetarensa Birnin Tagulla yake, tun daga nesa kana jin amon guduma. A ƙofar gari masu gadi suka tambayi sana'ata, na faɗa da alfahari. Suka dubi juna, ɗaya ya ce, "Allah sarki," ya ba mu hanya.

Duk wanda na tambaya gidan Ƙosau sai ya nuna da baki ya wuce da sauri. Muka same shi a wata unguwa bayan maƙera, tsoho, zaune a gindin bango. Na miƙa masa hannu, ya miƙo mini hagu. Har na fara jin haushi, sai na ga damansa: daga wuyan hannu zuwa yatsu tagulla ce zalla, ya rataye ta a wuya da igiya saboda nauyi. Na waiga, na ga duk mazan da ke zaune a jere da shi haka suke.

Na ce, "Baba, shahonka ne ya taso ni daga garinmu."

Ya ce, "Da ka bar shi ya tashi shi kaɗai, ɗana. Ka faɗa wa wani sana'arka?"

"Masu gadin ƙofa."

Ya rufe ido. "To, saurara. Sarkinmu Barankai yana neman a yi masa surar mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Duk masassaƙin da ya shigo sai an ba shi aikin. In sarki ya duba ya ce ba ita ba ce, akwai wata rijiya a tsakar fada, a nan ake tsoma hannunsa na dama ya fito tagulla. Ba zafi. Sanyi kawai za ka ji yana hawa." Bai rufe baki ba dogarai suka ɓullo.

Zauren fadar dogo ne, hagu da dama an jera mata na tagulla, kowace an lulluɓe mata fuska da ƙyalle. Sarki ba tsoho ba ne, amma ya rame, idanunsa sun faɗa kamar na mai jinya. Na faɗi na yi gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na yin abin da za a bauta wa."

Ya ce, "Ba abin bauta nake nema ba. Kowa a garin nan in ya rufe ido yana ganin uwarsa, har mai share mini barga. Ni in na rufe, duhu nake gani. Waɗannan," ya nuna matan tagulla, "kowa ya kawo mini kyakkyawar mace ya ce uwata ce. Ƙarya suke mini a kan abin da ba a yi wa mutum ƙarya a kansa. Ka ga matakalar nan da ta gangara kogi? Ran da ruwa ya cinye ta har sama, ranar zan ga aikinka."

Aka ba mu gida da mai gadi a ƙofa, aka kawo mini kakin zuma da tagulla iya abin da nake so. A gidan nan Gaje ta sauka lafiya, 'ya mace, muka sa mata Kyauta. Na yi murna, amma murna mai ƙaya a ciki, don duk sa'ad da na ɗauki jaririyar sai in tuna da wane hannu nake tallafe kanta.

Na bi tsofaffin matan fada da tambaya. Wannan ta ce doguwa ce, waccan ta ce gajera. Wannan ta ce tana da wushirya, waccan ta rantse ba ta da ita. Abu ɗaya suka haɗu a kai, wai ta fi kowa kyau, shi ma suna faɗa suna waige-waige. Na murza fuska da kaki, na narkar, na sake murzawa. Na ɗauki goshin sarki na haɗa da hancin 'yarsa, abin ya fito ba kowa ba. Damina ta sauka. Kowace safiya sai na leƙa kogi, in ga ya ƙara haɗiye wani sashe na matakalar. Ran nan Gaje ta kama ni ina cin tuwo da hagu.

Ta ce, "Mene ne haka?"

Na ce, "Koyo nake."

Ta ɗauke kwanon ta kau da kai, na ga kafaɗunta suna rawa.

Ruwa ya kusa kaiwa saman matakala, wata safiya ina zaune na tasa kaki a gaba, Gaje ta sunkuya ta ɗora Kyauta a baya ta ja zane ta ɗaure. Yarinyar ta yi wayo lokacin, ta fara kai hannu. Ta kwantar da kunci tsakanin kafaɗun uwar, ta ƙura wa wuyanta ido, ta miƙa hannu ta cafki ɗan kunne.

Gaje ta ce, "Wash! Ke, sakar mini kunne! Wannan 'ya taka, ƙeyata ta sani, ba fuskata ba. Ran da na ɓace mata a kasuwa, sai dai in juya mata baya ta gane ni."

Kakin ya faɗi daga hannuna. Na roƙi mai gadi ya raka ni wurin Ƙosau.

"Baba, sarki yana da girman yaya uwarsa ta rasu?"

Ya yi tunani. "Bai daɗe da yaye ba. An ce ma a goye yake ran da zazzaɓin ya kayar da ita." Ya dube ni. "Me ya kawo wannan tambaya?"

Na gaya masa abin da ke raina: mace durƙushe, ta sunkuya, ta ba da baya, ta ɗan waigo kamar mai cewa hau, ba a ganin komai na fuskarta sai gefen kunci da kunne. Kuma ba da tagulla ba. Tagulla da safe ƙanƙara ce, da rana wuta, bayan uwa kuwa ɗumi gare shi. Da itace zan yi.

Ƙosau ya kama rigata da hagunsa. "Ka haukace? A garin nan ko waziri da baya-baya yake fita daga gaban sarki. Wanda ya juya masa baya, ba hannu ake ɗauka ba, kai ne. Kuma itace? Abin da talaka ke zama a kai?"

Na koma gida na faɗa wa Gaje duka, ban rage ba. Ta daɗe tana jijjiga yarinya. Ta ce, "Da hannu ɗaya ana rayuwa, maigida. Ga su can muna gani. Ni zan gina tukwane in ciyar da mu." Na ce haka ne. Can ta ce, "In ka yi fuskar, ka tabbata za a tsoma?" Na ce na tabbata. "In ka yi bayan fa?" Na ce ban sani ba. Ta kwance goyo ta miƙo mini yarinyar, ta durƙusa a tsakar gida, ta sunkuya, ta waigo. "Haka? Duba da kyau, don gwiwata ba za ta daɗe ba."

Ambaliya ta kawo wani gungumen maɗaci da ya faɗi can sama. Masu hannun tagulla suka taru suka jawo mini shi da hagunsu. A jikinsa akwai wani dogon kwari, na bar shi ya zama tsakiyar baya. Na sara da gizago, na bi da wuƙa, na goge da yashi da ganye mai kaushi har kafaɗa ta yi sulɓi. Wata tsohuwar makitsiyar fada, wadda ta kasa tuna fuska, hannunta bai manta kitso ba: ta yi wa Gaje kitson doka irin na matan wancan zamani, na kwaikwaya a itace. Daga ƙarshe na shafe aikin da man kaɗanya, na turara shi da turaren wuta irin na tsofaffi.

Ran da ruwa ya cinye matakala, na sa aka kai shi tsakar fada tun da sassafe, na fuskantar da shi bango, na bar hantsi ya ɗumama shi. Rijiyar tana gefe, bakinta kore shar. Hauni, mai zartar da hukuncin sarki, yana tsaye kusa da ni, ya riga ya naɗe mini hannun riga. Gaje tana bakin ƙofa cikin mata da goyonta, ban iya duban wajen ba.

Aka busa kakaki, sarki ya fito. Fada ta ɗauki salati. Waziri ya daka tsawa, "Ta ba sarki baya! A kama shi!" Hauni ya saki hannuna ya damƙi wuyana, ya danna ni ƙasa, na ji sanyin takobi a ƙeyata.

Ban ji an sara ba. Na saci kallo ta gefen ido. Sarki ya ɗaga hannu ɗaya, kowa ya daskare. Yana takowa a hankali, kamar mai tsoron kada ya tashi mai barci. Da ya kusa sai ya tsaya, ya shaƙi iska. Ya ƙara matsawa. Ya sa tafinsa a kafaɗar, ya janye da sauri don ya ji ɗumi, ya sake mayarwa. Sai ga sarkin Birnin Tagulla ya durƙusa da rawaninsa da alkyabbarsa, ya kwantar da kuncinsa a tsakiyar bayan nan.

Ban san iya lokacin da ya ɗauka ba. Na dai san gumina ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin fuskata.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kunnen nan ba daidai ba ne."

Na ce a raina, shi ke nan. Takobin ya ƙara nauyi.

"Na hagu a tsage yake," in ji sarki, muryarsa ta zama wata iri. "Ni na tsaga shi. Na ja ɗan kunnenta, ta yi ƙara, jini ya zubo nan, a wuyanta. Na fara kuka, sai ta waigo tana dariya don in yi shiru." Ya numfasa. "Ta waigo. Ga ta nan. Tana da wushirya."

Wata tsohuwa cikin mata ta fashe da kuka tana cewa, "Na faɗa muku! Ai na faɗa muku!"

Sarki ya ce a sake ni. Ya zare wuƙar ɗamararsa ya miƙo mini ta wajen ƙota. "Gyara." Na karɓa. Na tsaga ƙasan kunnen hagu, daidai inda ake huda. Ya sa ɗan yatsa a tsagar ya ce, "Inna," a hankali, yadda ba wanda ya ji sai ni.

Da ya dawo hayyacinsa ya tambaye ni abin da nake so. Na ce a cike rijiya, a ba mu hanya. Ya dubi rijiyar, ya dubi bakin ƙofa inda masu hannun tagulla suka yi cirko-cirko, ya sunkuyar da kai. Ya tambayi masanan fada ko akwai abin da ke mayar da hannu, suka ce babu. Masu hannun tagulla aka bar wa cike rijiyar, don sun ce ba wanda zai riga su. Na tsaya ina kallo suna ɗebo ƙasa da hagu, tafi-tafi, suna zubawa, har rana ta yi sanyi.

Ran da za mu shiga kwalekwale, Ƙosau ya rako mu bakin kogi. Ban koyi zubin tagulla a wurinsa ba. Na roƙa, ya ce aikin a yatsu yake ba a baki ba, yatsun kuwa ga su nan a rataye. Da za mu rabu ya ce, "Kawo in gani." Na miƙa masa hannuna na dama. Ya riƙe shi da hagunsa, ya jujjuya, ya latsa kantar da gizago ya yi mini, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya ya miƙe su. Ya daɗe bai saki ba, har mai kwalekwale ya fara ƙorafi.

Sannan ya ce, "Kai shi gida."

Na kuwa kawo shi, ga shi kuna gani. Nan bakina ya tsaya, ya ku ma'abota sauraro. Abin da na faɗa daidai, Allah ne ya nufa. Inda na yi tuntuɓe, tsufa ne. A tashi lafiya.